Dogon Hutu Ya Zo Hannu Babu Nauyi: In Ci Bashi In Kai Yarana Kano?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye da ke ƙasar Birnin Kudu a Jigawa, 'ya'yana biyar. Babban namiji ne, shekararsa 14, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Mai bi masa mace ce 'yar shekara 11, sai namiji ɗan shekara 8, sai 'yar shekara 4, sai na goye. Maigidana manomi ne, da rani yakan ɗan taɓa acaɓa. An ba da dogon hutu, kuma 'ya'yan wan mijina da ke Kano kullum sai sun turo hotuna a wayar maigidana, yau suna gidan zu, gobe suna wurin lilo. Ran nan babban nawa ya ce mini, "Umma, mu dai ko an koma makaranta ba mu da labarin bayarwa sai na gona." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Babansu ya ce hutun ɗan manomi gona ce, daga safe har la'asar. Surukata kuma so take yarinyar ta riƙa ɗaukar tallan awara zuwa bakin titi. Shi kuwa ɗan shekara 8 da an ɗauke ido ya sulale kududdufi wanka, na yi dukan har na gaji. Na ɗauki adashina naira dubu 15, ina tunanin in ranci dubu 30 wurin wata maƙwabciyata in biya da kaka, in kai su Kano ko na kwana biyu ne, su ma su ga duniya. Ban faɗa wa maigida ba tukuna. Ki ba ni shawara don Allah.

Daga 'yar'uwarki a ƙasar Birnin Kudu.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya shirya su, ya sa ki ci moriyarsu. Na karanta wasiƙarki, kuma na fahimci inda abin ya sosa miki. Uwa takan jure nata rashin, amma ta ji ɗanta ya auna kansa da na wasu ya ga ya gaza, wannan ba kowace zuciya ke ɗauka ba. Sai dai ki sake sauraron maganar yaron nan da kyau. Bai ce ki kai shi Kano ba, bai kuma ce ya ƙi gona ba. Cewa ya yi ba shi da labarin bayarwa. Yaro ɗan shekara 14 so yake ranar da aka koma aji, ana hira, shi ma ya buɗe baki ya ce na je wuri kaza, na iya abu kaza, wannan nawa ne. Wannan buƙata kuwa ba ta kai dubu 45 ba, kuma kwana biyu a Kano ba za su biya ta gaba ɗaya ba, domin hutun mako shida ne ko fiye. Idan kun dawo rana ta uku, gona na nan, tallan na nan, kududdufin ma yana nan, ga bashi ya ƙaru a kai.

Don haka maganar rance, ni dai ban goyi baya ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Kin fi ni sanin yadda Agusta take a ƙauye. Rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai shigo ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa, kuma a wannan watan ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya. Ke ga ki da goyo da 'yar shekara 4. Kuɗin da ke hannunki yanzu shi ne tsakaninki da dare ɗaya na tashin hankali. Sannan bashin da ake cewa a biya da kaka yana da mugun hali: lokacin da za ki biya shi ne lokacin da hatsi ya fi araha, sai ki sayar da kwano da yawa ki biya abin da kika ci cikin kwana biyu. Kafin kakar ma ta zo, Satumba za ta riga ta, da kuɗin littafi da na takalmi da na ɗinkin kayan makaranta na yara uku. Ki ƙara da kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya yi tashin gwauron zabi. Ke da yara biyar zuwa Kano da dawowa, kafin ku taka ƙofar gidan zu an riga an cinye kaso mai tsoka. Abin da ya fi damuna ma shi ne rance ba da sanin maigida ba. A ƙauye magana ba ta kwana. Ranar da ya ji a bakin wani, ba za a ƙara zancen hutu ba, zancen amana za a shiga, kuma maƙwabciyar da kuke zaman lafiya da ita za ta shigo cikin rigimar da ba tata ba.

Ban ce a rufe ƙofar Kano ba. Kuna da gida a can, gidan wan mijinki, kuma zumunta a ƙafa take. Hanyar da ta dace ita ce maigida ya kira ɗan'uwansa su yi magana irin ta 'yan'uwa: babban yaron shi kaɗai, ko shi da ƙanwarsa, su je su yi 'yan kwanaki, a haɗa su da wani amintacce daga garinku da zai shiga Kano da ma. Kuɗin motar mutum ɗaya ko biyu ne ke nan, ba masauki, ba sayen abinci a titi, kuma ki riƙa musu ɗan tsarabar ƙauye, kuka ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa, kada su shiga gidan mutane hannu rabbana. Idan ya je, kada a tsaya ga lilo. Hawan Dutsen Dala, leƙa marinar Ƙofar Mata, zaga Kasuwar Kurmi, shiga Gidan Makama, duk ba su kai wurin lilo cin kuɗi ba, kuma sun fi shi labari. In bai samu a wannan hutun ba, a ɗaga zuwa hutun Disamba, lokacin da amfani ya shigo gida. Ki faɗa wa yaron gaskiya da lokacin da aka tsayar. Yara suna iya jira idan sun san ba yaudararsu ake yi ba. Kuma kada ki yi mamaki idan 'ya'yan Kanon ne suka fara naci a kawo su wurinku. Akwai yaran birni da yawa da ba su taɓa hawa amalanke ba, ba su taɓa karya masara a gona an gasa musu nan take ba.

Yanzu bari in tambaye ki: yaranki sun taɓa zuwa Dutsen Mesa ko Dutsen Habuɗe? Ina tambaya ne don sau da yawa na kusa da abu shi ne ba ya zuwa ganinsa. A nan Birnin Kudu, a jikin waɗannan duwatsu, akwai zane-zanen da mutanen da suka shuɗe tun zamani mai nisa suka bari, yawanci hotunan shanu masu dogayen ƙaho marasa tozo, waɗanda ba irin shanun da Fulaninmu ke kiwo a yau ba ne. Akwai kuma duwatsun da idan an ƙwanƙwasa su suke amsawa da amo kamar ƙarfe. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta sa wuraren nan cikin kayan tarihin Nijeriya, kuma masu bincike daga ƙasashen waje sun sha zuwa dominsu. 'Ya'yan wan mijinki ba su da irin wannan a unguwarsu. Ki haɗa kai da gida biyu ko uku, a samu namiji babba ɗaya ko biyu su jagoranci tafiyar, mafi kyau ma babansu da kansa tun da yana da babur. A dafa dambu ko ɗanwake tun daga gida, a haɗa zoɓo a jarka, a tafi da safe a dawo kafin la'asar. A nemi masu kula da wurin a yi musu sallama su nuna hanya, a hana yara taɓa zanen ko yin rubutu a jikin dutsen, kuma kada a je ranar da aka kwana ana ruwa, don dutse jiƙaƙƙe santsi gare shi. In akwai sauran lokaci a bi da babban ta gaban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, a gaya masa cewa Aliko Ɗangote a nan ya yi sakandare. Ki sa a ɗau hotuna a wayar nan dai ta babansu, a tura Kano. Ba don gasa ba, don su ma su ga cewa aikewa suke yi ba karɓa kaɗai ba.

Ranar kasuwa ma fita ce, in an ɗauke ta a matsayin fita. Duk ranar da maigida zai je kasuwar ƙauye ko wata babba irin ta Wudil da ke ci ranar Juma'a, ya ɗauki yaro ɗaya, a riƙa juyawa. Ya tsaya da shi a kara ya ga yadda dillalai ke cinikin shanu, ya bar shi ya taya kaza da bakinsa, ya saya masa rake ko ƙosai. Garin Dutse ma ba nisa, in hali ya yi. Ita kuwa dausayin Baturiya ta ƙasar Haɗeja ku bar ta sai sanyi ya shigo, lokacin da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suke sauka.

Sai maigida. Kada ki shiga maganar nan kina ganin shi ne matsalar, don yana da gaskiyarsa. Damina ba ta jira, ciyawa ba ta san hutu ba, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, kuma abin da za ku ci shekara daga gonar nan zai fito. Uban da ya koya wa ɗansa riƙon fartanya bai cuce shi ba. Inda zan ja da shi kaɗan shi ne safe har la'asar, kullum, ba tare da yaron ya ga komai nasa ba. Haka ake sa yaro ya tsani noma, ya girma burinsa kawai ya tsere birni. Iyayenmu sun san maganin wannan tun tuni, shi ya sa bayan gandu suke yanka wa yaro gayauna. Ki roƙi maigida ya yanka wa babban 'yan kunyoyi a gefen gona ko bayan gida, ya ce masa wannan naka ne, abin da ya fito naka ne, ba mai taɓa maka. Lokacin gero da dawa ya wuce, amma alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu ake fara yankansa, kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin wata biyu ko ƙasa da haka, wake ma yanzu ne lokacinsa, ga rama da yakuwa. Irin duk ba tsada, wani ma a gidan maƙwabta za ki samu kyauta. Sharaɗin da za a gindaya shi ne ya yi aikin gandu daga safe zuwa azahar, yamma tasa ce. Kuma kuɗin da ya samu, don Allah kada a ce a ara a sayi magi. Ranar da aka fara ara, ranar gayaunar ta mutu. Ki saya masa asusu, ya fasa shi da kansa ana jibi komawa makaranta, ya sayi takalmin da ransa ke so.

Yadda za ki kawo maganar ma yana da muhimmanci. Ba a gaban yara ba, ba a gaban Inna surukarki ba, ba kuma da ya shigo da gajiyar gona ba. Ki bari ya ci abinci ya huta. Ki fara da gaya masa abin da yaron ya faɗa, kalma da kalma, ba ƙari. Uba ne, shi ma zai ji abin da kika ji ko bai nuna ba. Ki gaya masa adashinki ya fito, ki gaya masa har tunanin rance ya zo miki kin fasa. Sannan ki nemi shawararsa a kan gayauna, ki bar shi ya zama shi ne mai yankawa, shi ne mai sanar da yaron. Abu ɗaya da zan so ki tsaya a kai ba sassauci: kada a goya wa yaro tankin feshi. Maganin ciyawa da na ƙwari guba ne, yana shiga ta fata da numfashi, kuma jikin yaro bai kai na babba jurewa ba. Jarkokinsa ma kada a wanke a zuba ruwan sha.

Yammacin da ya samu, in gayauna ba ta cinye shi duka ba, a kai shi wurin mai sana'a. Tela, kafinta, mai faci, mai gyaran babur, mai cajin waya da gyaranta, duk wanda kuka yarda da tarbiyyarsa. Babansa ya kai shi da kansa, a yi magana a fili cewa koyo ya zo na hutu, ba aike-aike ba, kuma Magariba a gida za ta same shi. A mako shida ba zai zama gwani ba, amma zai iya cire ƙafar babur ya liƙe ya mayar, ko ya sa maɓalli ya yi kalmasa. Tun da akwai babur a gidanku, ni da gyaran babur zan fara.

Batun yarinya da surukarki shi ne mai buƙatar lallami. Inna ba mugunta take nufi ba. A zamaninsu da talla ake tara kayan ɗaki, kuma tana ganin jikarta ta fara tasawa, gara a fara tanadi. Amma bakin titi na yau ba na jiya ba ne. Motoci masu gudu, baƙin fuskoki, masu tsayawa su ce yarinya ta biyo su ta karɓi kuɗi a mota ko a shago. 'Yar shekara 11 ba ta da wayon da za ta gane tarko, kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ribar awarar shekara goma ba za ta gyara ba. Ra'ayina shi ne kada ta je bakin titi. Sai dai ba ke za ki tari Inna da "a'a" ba, ɗanta ne zai yi, cikin ladabi, kuma ya zo da madadi a hannu. Madadin shi ne a yi awarar, a kafa teburi a ƙofar gida ko cikin zaure da yamma, yarinyar ta zauna inda ido ke ganinta, yaran unguwa su zo su saya. In dole sai an zaga, to cikin gari kawai, gida-gida wurin matan da kuka sani, tare da wata babba, a dawo kafin rana ta faɗi. Ki ba ta littafi ta riƙa rubuta abin da aka kashe a waken suya da mai da itace, da abin da aka samu. Lissafin da take jin tsoro a aji zai zauna mata ba bulala. Ita ma a ware mata kasonta a nata asusun.

Sannan ki jawo Inna cikin shirin, kada ta ji an yi ba ita. Tsofaffinmu suna da abin da ke neman ɓacewa: saƙar faifai, tufkar igiya, ɗinkin hula, yadda ake daddawa, waƙoƙin daka da na niƙa. Ki je ki durƙusa ki ce, "Inna, so nake ki koya wa jikarki abin hannunki kafin a koma makaranta." Da wuya tsohuwar da za a gaya wa haka ta ƙi. Yarinyar da ke zaune gaban kakarta tana saƙa, ba a cika tunawa a ɗora mata tire ba. In akwai mai kitso ko mai lalle a dangi, nan ma wurin koyo ne da zai amfane ta har gidan mijinta.

Amma a cikin duk abin da kika rubuta, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne kududdufi, kuma shi za ki fara magancewa tun yau, kafin gayauna, kafin Dutsen Mesa. Kowace damina sai an ji labarin yaran da ruwa ya ci a kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa a Kano da Jigawa. Ramin da yaro ya sani da rani yana taka ƙasansa, da marka ya shanye tsawon babba, gefensa laka ce mai zamewa, ƙasansa kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa. Nutsewa ba ta da ihu, abokan wasa sukan ankara ne bayan an makara, wani lokacin ma tsoro ya hana su faɗa da wuri. Bayan wannan akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance mai katantanwa, ƙwayar cutar ta shiga ta fata. Ki tambaye shi cikin hikima ko yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. In akwai, ki kai shi asibiti, ƙwayoyi ne ake ba shi ya warke. Kada ki saurari masu cewa alamar girma ce ga ɗa namiji, cuta ce, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara.

Kin ce kin yi duka har kin gaji. Na yarda, don duka ba ya hana yaro ruwa, sai dai ya koya masa shanya wando kafin ya dawo. Abin da ke kai shi zafi ne da abokai da rashin abin yi. Ki lura da lokacin da yake sulalewa, galibi tsakanin hantsi da la'asar ne, sa'ad da manya ke gona ke kuma kina fama da girki. Wannan lokacin za ki cike. Ki ba shi kaza guda, tasa ta kansa. Yanzu zabi ke ƙwai, ki sayi 'yan kaɗan ki sa wa kazar in ta yi kwanci. Nata ƙwan kwana 21 yake yi, na zabi kuwa wajen mako huɗu, wato kafin a koma makaranta zai ga abin da ya yi tsaro ya ƙyanƙyashe. Neman gara da tsaron shaho da gyaran akurki aiki ne da ke riƙe ɗan shekara 8 fiye da yadda kike zato. Ki sa wansa ya ɗebo masa yumɓu ya zauna a tsakar gida ya gina shanu da motoci. In ana ruwan da ba tsawa, ki bar su su yi wankansu a tsakar gida a gabanki, su yi tsalle son ransu. In da walƙiya kuwa, kowa ɗaki, kuma a gaya wa na gona kada su fake ƙarƙashin bishiya. Sannan ki sani ɗanki ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ki yi magana da uwayen abokansa, maigida kuma ya kai wa mai unguwa da liman, a yi sanarwa a masallaci, a sa matasa su riƙa leƙa wurin. Yaro ɗaya ba ya zuwa kududdufi in sauran ba sa zuwa.

Ƙananan biyu ba sa neman komai sai ke da lafiya. A kwana cikin gidan sauro kowane dare. Idan ma'aikatan lafiya suka zagayo gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kyauta sau ɗaya a wata, ki karɓa, kuma ki cika na kwana biyun da suke bar miki ki bayar da kanki. Mata da yawa a nan suke sakaci.

Dare kuma, in sama ta yi sarari, ki dawo da abin da waya ke neman ƙwace mana. A shimfiɗa tabarma bayan Isha, Inna ta ce "Ga ta nan ga ta nanku," ki ga yadda har ɗan sakandaren da ke ganin ya girma zai matso ya ji yadda Gizo zai ƙare da Ƙoƙi. A yi kacici-kacici, a yi karya-harshe, wanda ya yi tuntuɓe a yi masa dariya. Dara ba ta buƙatar komai sai gurabe 30 a ƙasa da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wannan da tsakuwa wancan da tsinke, kuma in babansu ya zauna ya buga da babban ko sau ɗaya a mako, za ki ga canji a tsakaninsu. Mata ga carafke da gaɗa, maza ga langa da ƙwallon tsumma. In kun haɗa kai da maƙwabta, a riƙa juyawa, yau gidanki gobe gidan wata, kowace uwa ta samu daren da za ta miƙe ƙafa. Tafasasshiyar gyaɗa kwano ɗaya ta ishi taron.

Karatu kada a sake shi gaba ɗaya, don yaro kan koma aji ya tarar rabin abin da ya sani ya zube. Ba sai kin biya kuɗin lesin ba. Allo da Islamiyya suna nan yadda suke, sai ki ƙara rabin awa kawai, babban ya zama malami, ya sa ƙannensa karatun Hausa da jadawalin sau daga tsofaffin littattafansa. Shi kuma ki saya masa littafin rubutu sabo guda ɗaya, ya riƙa rubuta abin da ya gani: ranar da ya shuka, ranar da ta tsiro, abin da mai kula da dutse ya gaya musu, tatsuniyar da Inna ta yi, sunayen kakanninku da inda suka taso. Ya karanta muku da dare. Malamai sukan ce a rubuta yadda aka yi hutu a makon farko, kuma shi zai shiga da nasa a rubuce.

Dubu 15 ɗinki kuwa, ga yadda nake gani. Ki ɗaure fiye da rabi ki ajiye don magani da komawa makaranta, ki ɗauka babu su. Abin da ya rage shi zai sayi iri, da ƙwan zabi, da asusu biyu, da littafin rubutu, da man babur da abincin ranar fita. In kina da kaza a gida, kin huta da sayenta. Awarar kuma in Inna ce mai son a yi, ba laifi ta sa hannu a jarin, ku raba riba. Ranar fitar ku tsayar da ita tun yanzu ku faɗa wa yaran, Alhamis ta fi dacewa tun da ba makarantar allo, kuma ku sa wata Alhamis ɗin a madadi ko da ruwa zai hana. Ki rubuto mini bayan an koma makaranta in ji yadda kuka ƙare da Inna, da kuma abin da asibiti suka ce game da ɗan shekara 8 in har kin ga alamar da na faɗa. Ki gaishe mini da yaran, Allah ya ba mu damina mai albarka.